Farin Hanci: Tarihin Annobar da Ta Cinye Jemagun Amurka

Maƙalar wannan mako za ta fita da mu daga gida, amma a gida za mu ƙare.

A watan Fabrairun 2006, wani mai sha'awar shiga kogunan dutse ya kutsa kogon Howes, yamma da birnin Albany a jihar New York ta Amurka. Ya tarar da jemagu rataye suna dogon barcin da suke yi a lokacin hunturu, wasu da wani farin abu kamar gari a hancinsu. Ya ɗauki hoto ya fito. Wannan hoton shi ne shaida mafi daɗewa da ake da ita ta cutar da aka laƙaba wa suna farin hanci. Da hunturu ya zagayo, masana suka fara tsintar gawarwakin jemagu birjik a kogunan yankin.

Farin abin nan fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita sanyi take so, ba ta yaɗo idan ɗumi ya kai digiri 20. Jemagen can yana tara kitse kafin hunturu, ya shiga kogo, jikinsa ya yi sanyi, ya kwashe watanni bai ci komai ba. Fumfunar takan cinye fatar fikafikansa, ta riƙa tayar da shi daga barci. Kowane farkawa kitse yake ci. Kafin sanyi ya wuce guzuri ya ƙare, sai jemage ya fito neman ƙwari cikin ƙanƙara, yunwa ta kashe shi.

A 2009 aka raɗa wa fumfunar suna, a 2011 gwaji ya tabbatar ita ce sanadin cutar, a 2013 aka sauya sunan zuwa Pseudogymnoascus destructans. Kafin nan ta shiga Kanada a 2010. A farkon 2012 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta ƙiyasta cewa jemagu miliyan 5.7 zuwa 6.7 sun mutu.

Daga ina ta zo? An gano tana nan a kogunan Turai da Asiya, inda jemagu suka saba da ita, ba ta yi musu kisan kiyashi. Jemagen kogo kuwa ba ya ƙetare teku. Shi ya sa zargi ya faɗa kan ɗan Adam: takalmi, tufafi ko igiyar wanda ya shiga kogo a Turai ya sake shiga wani a Amurka. A watan Maris na 2009 hukumar ta roƙi jama'a su dakata da shiga kogo a jihohin da abin ya shafa, aka kuma rufe dubban koguna a dazukan gwamnati.

Masu wannan sha'awa da yawa ba su ji daɗi ba. Hujjarsu ita ce jemage ne ke shafa wa jemage, kuma gaskiya ne, ta nan cutar ta fi yaɗuwa. Su ne kuma suka san hanyoyin kogunan, suke taya masana ƙidayar jemagu. Sai ga shi a Maris na 2016 cutar ta ɓulla a jihar Washington, fiye da kilomita 2,000 daga wuri mafi kusa da aka san tana nan, tsallen da ya sake ta da zargin. Yau ƙa'ida ita ce a tsabtace kaya da ruwan zafi ko magani, kuma kayan da suka shiga yankin cuta kada su je inda ba ta kai ba.

Hasarar ba ta tsaya a kogo ba. Jemagun nan ƙwari suke ci. A 2024 Eyal Frank na Jami'ar Chicago ya wallafa bincike a mujallar Science: a gundumomin da cutar ta shiga, manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kusan kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8.

Mu dawo gida. Zafin ƙasarmu bai dace da wannan fumfuna ba. Amma jemagen da ke fitowa da magariba daga kogon kuka ko tsohon soro, aikin da ɗan'uwansa ke yi wa manomin Amurka shi yake yi wa mai gero da wake a Babura da Gwiwa, ba lada ba la'ada. Amurkawa sun san abin da suka rasa ne domin sun daɗe suna ƙirga jemagunsu, kuma wani ya ajiye hoto da kwanan wata.

Don haka idan ka hau duwatsun Kazaure ko na Roni yawon buɗe ido, ka ga jemagu a wani lungu, kada ka jefe su, kada ka yi musu hayaƙi. Rubuta wurin, da ranar, da abin da idonka ya gani. Tambayi dattawan wurin ko da can sun fi haka yawa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.