Sanin Abokin Karawa: Matsayin Magidanta 'Yan Wasa a Kura da Bunkure Game da Gem na Intanet

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda magidanta 'yan shekara 40 zuwa sama, waɗanda suka daɗe suna taɓa wasa, suke kallon gem ɗin da mutane da yawa ke haɗuwa su buga ta intanet, a yankin noman rani na Kura da Bunkure a Jihar Kano. An bi hanyar zama a majalisu, da lura, da hira. Abin da aka gano shi ne waya ba ta gagari waɗannan mutane ba, wasa kuma bai gundure su ba. Abin da suke gudu shi ne karawa da wanda ba su san ko wane ne ba, domin a wurin Bahaushe dangantaka ce take halatta wasa. Inda aka san abokin karawa, ƙyamar takan kau.

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako, manomin Kura da Bunkure da Garun Malam ya daina sanin hutun rani irin na sauran ƙauyuka. Ruwa na gangarowa ta manyan kanal zuwa gonaki ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Da damina shinkafa, da sanyi alkama da tumatir da albasa da masara. Kuɗi na juyawa, injinan casar shinkafa na aiki a Kura, manyan motoci na lodin tumatir a Kwanar Gafan zuwa Kudu. Inda kuɗi ke juyawa kuwa, babbar waya ba ta wuyar shiga.

Magidantan da wannan bincike ya shafa kashi biyu ne. Akwai 'yan dara da ludo da karta, waɗanda suka iske wasa a gindin bishiya. Akwai kuma waɗanda suka yi samartaka a gidajen gem na farkon shekarun 2000, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, suna buga ƙwallo a PlayStation, wanda aka ci ya biya. Yau su ne iyayen yaran da ke kwana a kan Free Fire da PUBG Mobile da eFootball. Tambayar maƙalar ɗaya ce: me ya sa mutumin da ya shafe shekara 20 ko 30 yana wasa yake ja da baya idan aka ce ya hau intanet ya kara da mutanen duniya?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

An yi rubuce-rubuce da dama a kan wannan yanki, amma kusan duk a kan ƙasa da ruwa da amfanin gona suke. Wallace (1981) ta dubi tasirin aikin ban ruwan a kan walwalar manoma, Jackson (1985) ta dubi matsayin mata a cikinsa. Babu ruwansu da abin da manomi ke yi tsakanin La'asar da Magariba, kuma ba laifinsu ba ne.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ga tambayarmu ita ce ta Prensky (2001), wanda ya raba mutane gida biyu: 'yan asalin duniyar kwamfuta da baƙin da suka shigo ta da girma. Wannan rabo ba ya buƙatar doguwar muhawara a Kura. Dillalin da ke tura hoton kwandunan tumatir ta WhatsApp, ya karɓi kuɗi ta waya, ya duba alat tun kafin mota ta tashi, ba danna maɓalli ne zai gagare shi ba.

Inda maƙalar nan take da ja sosai shi ne da Steinkuehler da Williams (2006). Sun ɗauki ra'ayin Oldenburg (1989) na matattara ta uku, wato wurin da ba gida ba, ba wurin aiki ba, inda jama'a ke taruwa don hira, suka ce gem na intanet ma irin wannan matattara ce. Cikin siffofin da suka yaba akwai cewa wurin yana baje matsayi: ba a tambayar shekarunka ko muƙaminka, kowa ɗaya ne. A Amurka, inda suka yi aikinsu, wataƙila wannan abin so ne. Amma duk wanda ya taɓa zama a majalisar Hausawa ya san ba haka take ba. Akwai mai zama a benci, akwai mai zama a tabarma, akwai wanda ake aika ya karɓo shayi. Majalisa tana sassauta matsayi, ba ta share shi. Kirk-Greene (1974), a nazarinsa na mutumin kirki, ya lissafa kunya da ladabi da mutunci cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su, kuma dukkansu sai an san wanda ake fuskanta suke aiki. Saboda haka abin da waɗancan masana suka ɗauka alheri ne, shi ne ainihin abin da magidancin Kura yake gani a matsayin illa.

3.0 Hanyar Bincike

An yi zama a majalisun 'yan wasa a garin Kura da Bunkure da Kadawa a lokacin noman rani, an kalli wasa, an yi hira ba tare da takardar tambayoyi ba. An nemi izini, an kuma ɓoye sunaye. Ba a yi ƙidaya ba, domin dalili ake nema, ba yawa ba.

4.0 Sakamakon Bincike

4.1 Wa nake bugawa da shi?

Wata rana bayan La'asar, a gindin darbejiya kusa da rumfar mai cajin waya, wani manomin shinkafa da furfura ta fara kama wa gemu ya karɓi wayar ƙaramin ɗansa. Yaron ya buɗe masa Ludo King, gem ɗin da wani kamfanin Indiya mai suna Gametion ya fitar a 2016, ya haɗa shi da wani can da na'ura ta zaɓo. Baba ya iya wasan sarai, ko sau ɗaya bai tambayi inda zai danna ba. Can sai abokin karawar ya cinye masa ɗa, ya turo hoton fuska mai dariya har da hawaye. Ya sake cin wani, ya sake turowa. A karo na uku Baba ya miƙa wa yaron wayarsa, ya gyara zama ya juya ga ramukan dara.

Abin lura shi ne a darar ma cinye shi aka yi, kuma wanda ya ci shi bai raga masa ba. Ya yi masa tsiya son ransa, har da cewa shinkafarsa ma haka tsuntsaye ke cinye ta yana kallo. Majalisa ta kwashe da dariya, shi ma ya dara. Bambancin kawai shi ne mai tsiyar taubashinsa ne. Da aka tambaye shi daga baya, bai kawo maganar faɗuwa ba ko kaɗan. Damuwarsa ita ce bai san wanda ke masa dariya a waya ba: sa'ansa ne, ko sa'an ɗansa na fari, ko ma mace ce. Tunda bai sani ba, bai san ko ya rama ba, ko ya yi shiru, ko ya ji haushi.

Wannan amsa ta yi ta maimaituwa da kalmomi daban-daban, kuma tana da tushe a tsarin zaman Hausawa. Wasa a nan yana da masu shi. Akwai wasan kaka da jika, da na taubasai, da na ƙanen miji da matar wa, da na garuruwa irin Kanawa da Zagezagi, da na ƙabilu irin Fulani da Barebari. Akwai kuma waɗanda kunya ta shiga tsakani, kamar suruki da ɗan fari. Wargi wuri yake yi. Na'urar da ke haɗa 'yan wasa kuwa ba ta san wannan ba, maki da sa'a kawai take dubawa.

A nan ne hujjar masu cewa tazarar shekaru ce matsalar take rushewa. Dattijon da ba zai taɓa zama ya buga ludo da ɗansa na fari ba, shi ne za ka iske jikansa ɗan shekara takwas yana cinye shi yana masa gwalo, shi kuwa yana kiransa maƙiyina cikin raha. Tazarar da ke tsakaninsa da jika ta fi wadda ke tsakaninsa da ɗa, amma wasan ya halatta. Ashe ba shekaru ake dubawa ba, dangantaka ake dubawa.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi. Ludo King yana da sashen da mutum ke buɗe ɗaki na kansa, a ba shi lamba, ya tura wa wanda yake so. Shi wannan manomi da ya mayar da waya, yakan buga da ƙanensa da ke sauke tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas. Bayan Isha'i a turo lamba ta WhatsApp, a yi wasa biyu ko uku, sannan a kira juna a yi tsiya a baki, a gangaro kan farashin kwando da lafiyar Inna. Intanet ɗin dai shi ne, wayar ita ce, gem ɗin shi ne. Abin da ya canza kawai an san juna. Waɗanda suka ce ba sa wasan intanet, da yawansu ba su ma ɗauki wannan a matsayin wasan intanet ba. Zumunci suke kiransa.

Tsofaffin 'yan gidan gem sun kawo wata fuskar ta wannan magana. A zamaninsu ana cin mutum a gaban jama'a, ya tashi ya ba wani kujera, a yi mako ana tuna masa. Cin da aka yi wa wani a Indonesiya ko Brazil kuwa ba shi da shaida, ba wanda za a yi wa gori gobe a wurin mai shayi. Sun kuma koka da abokin karawar da idan ya ga za a ci shi sai ya fice, ba a san ko sabis ne ya ɗauke ko guduwa ya yi ba. A majalisa ba a gudu, domin gobe ma nan za a dawo. Suler (2004) ya yi bayanin yadda ɓoyuwar suna a intanet ke sa mutum ya saki baki da hali. Magidantan nan ba su karanta shi ba, amma zagin da suke ji yana fita daga wayoyin 'ya'yansu a Free Fire ya ishe su darasi.

4.2 Wasan da ba ya jira

Dalili na biyu lokaci ne. Dara ramuka 30 ce a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Idan ladan ya kira salla sai a tashi a bar su yadda suke, a dawo a ɗora. Idan yaro ya zo ya ce an saki ruwa a kanal, mai gona ya tashi ya je ya jera bututun robar da ke zuƙo ruwa zuwa gonarsa, wani ya riƙe masa wasan. Na intanet kuwa agogo gare shi. PUBG Mobile na zuba mutum 100 a fage ɗaya, Free Fire 50, ba kuwa za su tsaya don mutum ɗaya zai yi alwala ba. A yankin da ruwa ke zuwa bi da bi, wanda ya bari nasa ya wuce saboda wasa, dara ta ci gida.

4.3 Data da zargin caca

An ambaci tsadar data, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da shi a Janairun 2025, amma a matsayin ƙorafi ne, ba dalilin ƙauracewa ba. Abin da ya fi tsaya musu shi ne tsabobin da ake zubawa kafin a shiga wasa da baƙo, wanda ya ci ya kwashe. Ko da ba kuɗin gaske ba ne, siffar ta caca ce, ga shi kuma ana iya sayen tsabobin da kuɗi. 'Yan dara sun fi kowa tsanani a nan, domin wasansu na dabara ne zalla, babu jefa ƙwaya a cikinsa.

5.0 Iyakokin Bincike

Dole a faɗa cewa maza kaɗai aka zauna da su, alhali ana buga ludo da karta a cikin gidaje. Rani guda aka yi, a majalisun da aka san mai binciken, kuma babu alƙaluma. Mai son ƙidaya sai ya je ya ƙirga. Sai dai babu ɗaya cikin waɗannan da ya taɓa ainihin hujjar, wato mutum ɗaya da waya ɗaya ya ƙi baƙo ya karɓi ƙanensa.

6.0 Kammalawa

Masu nazarin gem sun saba tambayar manya ko suna wasa, da kuma sa'a nawa suke yi. A ƙasar Hausa tambayar da ta fi amfani ita ce da wa suke yi. Kira ga matasan Kano masu ƙirƙirar manhajoji, musamman masu son ɗora dara a waya, shi ne su fara da ɗakin da ake gayyatar sananne, su sa damar dakatar da wasa a dawo, su bar wa 'yan kallo wuri, su kuma cire duk abin da ya yi kama da caca. Magidancin Kura da Bunkure bai ƙi intanet ba. Baƙon da ba ya sallama ya ƙi.