Gwajin maye a bakin titi: daga ina ya fito? 🧵

1/ Kun san abin nan na finafinan Amurka, ɗan sanda ya tare mota da dare ya ce wa direba ya sauko ya taka kan layi? Na daɗe ina ɗauka shirin fim ne kawai. Ashe gaske ne, kuma tarihinsa bai kwantar min da hankali ba.

2/ Na'urar auna numfashi ta daɗe. A 1938 'yan sandan Indiana suka fara aiki da Drunkometer, mutum ya hura balan-balan. A 1954 Robert Borkenstein ya ƙera Breathalyzer. Amma kafin a kama mutum sai an samu dalili, kuma kowane ɗan sanda da tasa dabarar: wannan ya ce taɓa hancinka, wancan ya ce tsinci kwabo a ƙasa.

3/ A shekarun 1970 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta sa Marcelline Burns da Herbert Moskowitz su tace waɗannan dabaru. Uku suka tsira: bin biro da ido a ga ko ƙwayar ido tana rawa, taku 9 dunduniya na taɓa yatsu, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30.

4/ Sakamakon 1981: na ido ya dace kashi 77 cikin 100, na taku 68, na ƙafa ɗaya 65. Wato na ƙarshen, kusan ɗaya cikin uku kuskure ne. A ɗakin bincike fa, ba cikin duhu da sanyi motoci na wucewa ba.

5/ A 1998 binciken San Diego ya ce ukun a haɗe sun kai 91. To amma waɗanda aka gwada ɗin an riga an yi zarginsu.

6/ Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Jami'ar Clemson, 1994. Aka nuna wa 'yan sanda bidiyon mutum 21 da ba su sha komai ba. A kashi 46 na hukuncinsu suka ce mutumin ya sha, bai kamata ya tuƙa ba. Jama'a!

7/ Ita kanta NHTSA ta yarda wanda ya haura shekara 65, ko mai ciwon baya, ƙafa ko cikin kunne, zai sha wuya a gwajin taku da na tsayuwa.

Ni ma na gwada ƙafa ɗayan a tsakar gida. Ruwa kawai na sha, wallahi sau biyu na sauke.