Tsofaffin irin wardi da ranar da kasuwa ta juya musu baya

Kalmar wardi daga Larabci ta shigo Hausa, kuma hanci ya riga ido sanin abin da take nufi, domin turarensa ne alhazai kan dawo da shi cikin ƴan kwalabe. Shi kuwa wannan ƙamshi daga tsofaffin iri yake fitowa, waɗanda kasuwar furanni ta Turai ta kusa mantawa da su.

Masana lambu sun ja iyaka a shekarar 1867. A wannan shekara ne Jean-Baptiste Guillot, wani mai rainon itatuwa a birnin Liyon, ya fitar da wardin da ya sa wa suna La France, wanda ake ɗauka a matsayin farkon irin zamani. Duk dangin wardin da aka sani kafin nan, shi ake kira tsohon wardi.

Dangi huɗu ne ginshiƙan na Turai da Gabas ta Tsakiya. Na farko shi ne Galika, gajeren ice mai jan fure, wanda garin Provins na Faransa ya shekara ɗaruruwa yana sarrafawa ya zama magani. Ana ba da labarin cewa Thibaut na 4, mai mulkin Shampanye, shi ya kawo shi daga Gabas wajen 1240, amma wannan zancen baka ne. Na biyu shi ne ɗan Dimashƙa, sarkin ƙamshi. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2000 ya nuna iyaye uku gare shi: Galika, da wardin miski, da wani wardin daji na tsakiyar Asiya. Na uku Alba ne, mai farin fure da ganye mai ɗan toka-toka, mai jure sanyi da inuwa. Na huɗu shi ne Santifoliya, wato mai ganye ɗari, wanda manoman Holand suka raina a ƙarni na 17. Har yau shi ake tsinka a Grasse cikin watan Mayu don yin turare.

Duka huɗun suna da hali guda: in ban da wani ɗan Dimashƙa mai sake toho da kaka, sau ɗaya suke fure a shekara, na ƴan makonni. Mai lambu sai ya yi haƙuri har baɗi.

Jiragen ruwan fatake ne suka sauya wannan. Daga wajen 1792 zuwa 1824, iri huɗu daga ƙasar Sin suka iso Ingila. Ƙamshinsu bai kai na ɗan Dimashƙa ƙarfi ba, sai dai suna fure a kai a kai har shigowar sanyi. Barbararsu da tsofaffin ta haifar da sababbin dangi. A tsibirin Burbon, wanda yanzu ake kira Reyuniyon, inda ake shinge da wardin Sin da ɗan Dimashƙa, aka sami dangin Burbon wajen 1817. A Charleston ta Amurka kuma, wani manomin shinkafa, John Champneys, ya haɗa wardin miski da na Sin, abin da ya zama tushen dangin Noisette. A wannan zamani ne Jozefin, matar Napoliyon, ta tara wardi a lambunta na Malmezon, kuma mai zanen furanninta, Pierre-Joseph Redouté, ya fitar da littattafansa uku na zanen wardi tsakanin 1817 da 1824.

Da mai saye ya ga icen da ke fure wata da watanni, sai ya juya wa mai fure sau ɗaya baya. Masu rainon iri suka bi kasuwa, suka daina dasa tsofaffin. Wardin lambu kuwa ba ya maimaita kansa ta ƙwaya; ta reshe ko ɗaurin aure ake yaɗa shi, saboda haka ranar da icen ƙarshe ya mutu, irin ya tafi ke nan. Ɗaruruwa sun tafi ta wannan hanya. Waɗanda suka tsira, wasunsu albarkacin Jules Gravereaux ne, wanda ya fara tara su a L'Haÿ, kusa da Paris, daga 1894, da kuma lambun Sangerhausen na Jamus da aka buɗe a 1903.

Babbar mafakar tsohon wardi dai ita ce gonar talaka. A Kazanlak ta Bulgariya, da Isparta ta Turkiyya, da Kamsar ta Iran, da Kal'at Maguna ta Maroko, ɗan Dimashƙa ake nomawa, domin tukunyar tagulla ba ta duban kyan fure, mansa take nema. Ana tsinka da asuba kafin rana ta sha ƙamshin, kuma sai an dafa tan 3 zuwa 4 na fure kafin a sami kilo guda na mai. Hukumar UNESCO ta sanya sana'ar wardin ƙauyen Al-Marah na Siriya cikin gadon al'adun duniya a 2019, ta Ɗa'ifa kuma a 2024. Da ruwan wardi, gauraye da na Zamzam, ake wanke ɗakin Ka'aba.