Maganin Sukari da na Ƙarfin Maza a Kasuwannin Kaduna

Sana'ar sayar da saiwa da sassaƙe ta bunƙasa a Kaduna tare da baƙin da suka cika garin bayan ya zama hedkwatar Arewa a 1917. Masu maganin gargajiya suka baje kolinsu, har sana'ar ta kafu a Kawo da Kasuwar Barci.

Da ciwon sukari ya yawaita a birni, sai aka koma ga shuwaka, garahuni da zogale. Ciwon kan rage sinadarin testosteron a jikin namiji, shi ya sa mai neman maganin sukari yakan tambayi na ƙarfin maza a shimfiɗa ɗaya. A nan tsiron baƙin gagai ya yi suna.

A 2005 masana a Jami'ar Ilori suka gwada ruwan baƙin gagai kan ɓeraye, suka ga sinadarin testosteron ya ƙaru. Binciken da ya biyo baya ya nuna yana iya illata maraina. Sakamakon ɓera kuwa bai isa hujja ga ɗan Adam ba, balle mai ciwon sukari da ke shan maganin asibiti.