Sarkin Musulmi Bello da Awon Taurari

Wanda ya tashi daga Giyawa ya bi kwarin Rima ya nufi Wurno, galibi ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce ke kai shi, domin shi ya mai da garin ribaɗi, a cikinsa kuma Allah ya yi masa rasuwa a shekarar 1837. Ana ambatonsa da jihadi da fiƙihu da ilmin magani, amma ba a cika ambaton cewa yana daga cikin waɗanda suka san taurari da sunayensu ba, alhali kuwa akwai shaidar wannan a rubuce.

A watan Maris na 1824 Kyaftin Kilafaton, manzon Sarkin Ingila, ya iso Sakkwato, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya sauke shi. Da Kilafaton ya kawo kayan awonsa fada, sai ya shimfiɗa taswirar samaniya a gaban Bello, ya tarar Sarkin Musulmi ya san burujai goma sha biyu duka, da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Na'urarsa ta auna tsayin rana tana da ɗan madubin hange mai kifar da abin da aka duba. Mutanen fada suka ƙi tsayawa a gabansa don tsoron sihiri, har sai da baƙon da kansa ya ja da baya ya tsaya, Bello ya sa ido ya dube shi a kife, sa'an nan ya nemi a gwada masa yadda ake awon rana da ita. Wannan ita ce ɗabi'ar malami na haƙiƙa, wanda mamakin abu ba ya hana shi tambayar yadda yake aiki. Da Kilafaton ya komo a 1826 ya kawo masa littafin Uƙlidis na handasa da Larabci, ya kuma same shi daga baya yana muɗala'arsa.

Ilmin nan ba na fada kaɗai ba ne. Malamai suna karantar da manazilai ashirin da takwas, kowace da kwana goma sha uku, in ban da Jabha mai goma sha huɗu, jimla 365, an kuma zuba su cikin waƙoƙin ajami domin a hardace. Da su ake sanin shigar bazara da faɗuwar damina, kamar yadda manomi ke lura da Kaza da 'Ya'yanta, matafiyi kuma da Gamzaki. Malaman suna rarrabe falaki, wanda ake sanin lokutan salla da alƙibla da shi, daga duba da taurari, wanda suka yi hani da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ƙa'idar da suka riƙe ita ce har yau ake bi a manyan gidajen duban samaniya: na'ura ba ta shaidar kanta, kamar yadda alƙali ba ya karɓar shaidu sai an yi musu tazkiyya. A dutsen Faranal na ƙasar Cile akwai madubai huɗu, faɗin kowanne mita 8.2, na farkonsu ya fara aiki a 1998. Ƙarfen da ke ɗauke da irin wannan nauyi yakan ɗan lanƙwasa gwargwadon inda aka karkata shi, zafi da sanyi suna miƙe shi suna tsuke shi, iska kuma tana karya haske, har tauraron da ke dab da faɗuwa ya bayyana sama da matsayinsa da kimanin rabin daraja. Saboda haka sai masana su zaɓi taurari da dama waɗanda aka riga aka tabbatar da matsayinsu, warwatse gabas da yamma, kudu da arewa, su umurci madubi ya nufi kowanne, su rubuta yawan kaucewarsa, kwamfuta ta tattara wannan ta riƙa gyarawa. Awon kuwa da daƙiƙar da take ɗaya cikin 3,600 na daraja ake yinsa. Bayan nufi sai bi, domin samaniya tana juyawa daraja 15 a kowace sa'a, in madubi ya yi jinkiri ko gaggawa ko da ƙanƙani ne, tauraro ya fito a hoto kamar zare, shi ya sa ake kafa wa wani tauraro na gefe ido a riƙa daidaita tafiya da shi.

Limamin Giyawa ko na Rabah yana da irin wannan jarrabawa a hannunsa. Alƙiblar ƙasar Sakkwato tana karkata arewa daga gabas da kimanin daraja 19, kamfas kuwa ƙarfen ginin masallaci yakan ruɗe shi. Amma sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba, wajen 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. Wanda ya kafa sanda a miƙe a farfajiyar masallaci a wannan lokaci, ya ja layi daga ƙarshen inuwa zuwa gindin sandar, ya sami alƙibla, sai ya gwada mihrabinsa da sahunsa a kai.