Daga Tukur-Tukur Zuwa Wayar Hannu: Yadda Alƙalami Ya Zama Sana'a a Ƙasar Hausa

Rubutu ya daɗe a ƙasar Hausa, amma cin abinci da rubutun boko bai cika shekara ɗari ba. Kafin zuwan Turawa akwai magatakarda a fada, akwai kuma masu kwafar littattafai da hannu suna karɓar ladansu. Su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u kuwa sun yi wallafa ne don karantarwa. A wancan zamani mai kwafa ake biya. Mu da muke rubuta labari ko maƙala yau mu jira a turo mana kuɗi, tushen sana'armu yana Zariya.

A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Matsalarta a fili take: an koya wa yara karatun boko, amma babu abin da za su karanta. Saboda haka a 1933 East ya zagaya wurin malaman makaranta yana neman su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi kuma East ya rubuta shi tare da John Tafida. Duk waɗannan mutane suna da aikinsu na albashi, rubutu a gefe suka yi shi, kamar yadda yawancinmu muke yi har gobe.

Wanda yake neman sanin sirrin saurin rubutu, ya tsaya a kan Imam. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya, cikin wajen wata shida ya kammala Magana Jari Ce, littafi uku. Ba daga sama labaran suka faɗo masa ba. An tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya karance su, ya zaɓi waɗanda za su zauna a ƙasar Hausa, ya ɗinka musu rigar gida, ya saka su a bakin aku. Ga kuma East a kusa, yana karanta abin da aka rubuta, suna jayayya a kai, ana gyarawa. Abu biyu ke nan suka haɗu: tara kaya kafin a ɗauki alƙalami, da samun mai duba aiki bayan an ajiye shi. Duk tarihin da ya biyo baya labarin waɗannan biyun ne, wani zamani a same su, wani zamani a rasa ɗaya.

A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Imam ne editanta na Hausa. Jarida ita ta koya wa marubucin Hausa wa'adi. Littafi yana iya jiran ka ka huta, amma inji ba ya jira, kuma shafi yana da iyaka. A nan aka koyi fara labari da abin da ya faru, da yanke zancen da ba ya ƙara komai. Shafin wasiƙun masu karatu shi ma makaranta ne, domin mutane da yawa a nan suka fara ganin sunansu a buge. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta bi bayan Yaƙi da Jahilci da ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano. A 1966 kamfanin ɗab'i na NNPC ya gaji aikin buga littattafai. A duk tsawon wannan lokaci ƙofa ɗaya ce, kuma ƙunci gare ta: sai hukuma ko kamfani sun yarda kafin a buga ka. Sai dai wanda ya samu shiga, ya samu edita mai bin rubutunsa baƙi bayan baƙi.

Rediyo ya buɗe wata ƙofar. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007. Wakilan da ke aiko da rahoto daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi da yawansu ba ma'aikatan dindindin ba ne, gwargwadon rahoto gwargwadon lada. Rubutun rediyo ba ya yafe doguwar jimla, domin mai karantawa zai ƙare numfashi, mai sauraro kuma ba shi da damar komawa baya. Waɗanda suka bi ta wannan makaranta ana gane su a rubutunsu ko da sun koma takarda.

Babban juyi ya zo a shekarun 1980. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban matasa masu iya karanta Hausa, har da 'yan mata. A daidai lokacin tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta. NNPC ta fitar da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, amma ba ta iya ɗauke ƙishirwar da ta taso ba. Sai marubuta suka daina jira. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Masana suka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano.

Wanda ya ga wannan zamani ya san yadda aikin yake. Ka rubuta a littafin makaranta, ka kai wa mai keken rubutu, daga baya mai kwamfuta, ka nemo kuɗin takarda, ka kai maɗaba'a, ka ɗauko ka kai wa 'yan kasuwar littafi. Kuɗinka kuwa sai an sayar. Raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku dabara ce ta jari: cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu. Wannan ya koya wa marubuta yanke labari a inda rai zai biya, ya kuma koya musu sauri, domin in ka yi jinkiri masu karatu sun koma wurin wani. Edita ne ya ɓace. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama sun yi ƙoƙarin cike gurbin, 'yan ƙungiya suna duba aikin juna, amma kurakuran ƙa'idar rubutu sun yi yawa har suka zama sandar da masu suka ke duka da ita. An yi ta muhawara a jaridu, a 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i, a 2007 har an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a. Duk da haka, wannan zamani ne ya tabbatar da cewa mace tana ɗakinta za ta iya rubutu ta sami kuɗin kanta.

Daga nan hanyoyi suka rarrabu. Wasu suka koma rubuta labarin fim, wasu suka shiga mujallu irin su Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, wasu jaridu irin su Aminiya. Tashar Arewa24 da ta fara a 2014 ta buɗe kasuwar shiri mai dogon zango, inda ake zama a rubuta kashi bayan kashi bisa wa'adi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta dawo da wani abu na zamanin East: ƙa'ida, da iyakar kalmomi, da alƙalai.

Yau kasuwar tana cikin waya. Marubuciya tana sakin shafukan farko kyauta a Facebook ko WhatsApp ko Wattpad, in labari ya kama, sai ta ce mai son ci gaba ya biya, ta banki ko da katin waya. Kafafen labarai na intanet suna biyan masu fassara da masu rubuta rahoto ɗaya-ɗaya. Babu kuɗin takarda, babu jiran ɗan kasuwa. Amma ana kwashe littafi a watsa shi kyauta ran da ya fita, kuma matsin sakin ci gaba kullum ya sa ana tura rubutu ba a ko sake karanta shi ba. Ga Ingausa, wato cakuɗa Turanci da Hausa, ga jimlar da in ka cire mata rigar Hausa sai ka tarar da Turanci tsirara.

Akwai masu karatun da ya kamata mu riƙa tunawa da su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu. Alhazai masu tafiya Makka a ƙasa su ma sun yi ta yada zango a Sudan, wasu suka zauna suna noman auduga a Jazira. Jikokinsu a ƙauyukan yankin Rufa'a da Wad Madani da Sinnar suna jin Hausa, amma da Larabci suka yi makaranta, haruffan boko ba su ne na hannunsu ba. Irin waɗannan ta kunne rubutunmu yake isa gare su, ta rediyo ko ta masu karanta littattafai a YouTube. Jimlar da aka gina bisa Turanci ba za ta shiga kunnen wanda bai taɓa jin Turanci ba. Shi ya sa nake ganin babu gwajin da ya fi karanta rubutunka da ƙarfi kafin ka tura. Inda harshenka ya sarƙe, nan gyara yake.

Abin da wannan tarihi ya bar wa mai zaman kansa ba shi da yawa, amma ya isa. Ka gama tambaya da bincike kafin ka zauna, domin yawancin abin da muke kira toshewar basira rashin kaya ne a hannu. Ka rubuta daftarin farko ba tsayawa, gyara ya zo daga baya, in da hali bayan ya kwana. Ka riƙe ƙa'idar rubutu, ka sa wa waya madannin da ke da ɓ da ɗ da ƙ. Ka yi ciniki a rubuce kafin ka fara: nawa ne, yaushe za a biya, wa ke da haƙƙin mallaka. Sannan ka nemi wanda zai karanta aikinka ba tare da jin nauyinka ba. A da hukuma ce ke ɗaukar edita ta biya shi albashi. Yanzu babu mai yi maka wannan, sai ka nemo shi da kanka cikin abokan sana'a, ka duba nasa ya duba naka, ko ka ware masa wani abu daga ladan da ka samu.