Fim ɗin da marubucinsa ya barranta da shi



A shekarar 1965 aka fara nuna wasan kwaikwayon Wole Soyinka mai suna Kongi's Harvest a Legas, a 1966 kuma aka kai shi bikin al'adun baƙar fata na duniya a Dakar. Labari ne na wata ƙagaggiyar ƙasa, Isma, inda shugaba Kongi ya tsare sarkin gargajiya, Oba Danlola, ya nace sai sarkin ya miƙa masa sabuwar doya a bainar jama'a ranar bikin girbi. Doyar farko haƙƙin sarki ce, miƙa ta kuwa miƙa sarauta ne. A ƙarshen wasan, kan mutum aka ajiye a gaban Kongi.

Da wasan ya yi suna, sai Francis Oladele na kamfanin Calpenny ya ƙuduri aniyar mai da shi fim. Aka ɗauko Ossie Davis, baƙar fata ɗan Amurka, ya ba da umarni. Soyinka, wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba a 1969, shi ya rubuta tsarin fim ɗin, shi ne kuma ya fito a matsayin Kongi. A 1970 aka yi aikin a Nijeriya. Wa zai ce ba za a dace ba?

Amma da aka gama yanke hotunan aka harhaɗa, Soyinka ya ga abin da ya fito ya saɓa wa abin da ya rubuta. Sai ya fito fili ya barranta da fim ɗin, alhali fuskarsa ce a ciki. An ari bakinsa an ci masa albasa.

Dalilin a sarari yake. A dandali, marubuci yana kusa da 'yan wasa, in an karkace ya gyara kafin gobe. A fim kuwa, magana ta ƙarshe tana hannun mai yanka da haɗawa, abin da ya fita kuma ya fita ke nan.

Yau da wuya a sami wanda ya taɓa kallon fim ɗin, wasan kuwa ana karanta shi a makarantu, marubucinsa ma ya karɓi kyautar Nobel a 1986. Saboda haka duk mai ba da tarihin gidansu ko na unguwarsu a ɗauka, ya tambayi wanda zai tace shi tun kafin a kunna kyamara.

Allah ya sa mu dace.